Jaririn da Kukansa ya Ɗauke

Ɗana yana da wata biyu da 'yan kwanaki muryarsa ta fara dushewa. Da farko sai ka ce mura ce. Zai buɗe baki, fuska ta yamutse, jijiyar wuya ta tashi, amma abin da zai fito bai kai kukan ɗan kyanwa ba. Kowa a gidan ya san abin da ɗan'uwansa yake tunawa. Bara ɗiyar Somdi mai kwalekwale haka ta fara, kwana shida aka binne ta. Bayan ita sai ɗan maƙwabtanmu na gangare, shi ko kwana huɗu bai cika ba. Dukansu ɓul-ɓul suke, ba rama, ba zazzaɓi. Murya ce take fara tafiya, sai numfashi ya bi ta.

Sunan ɗana na gaskiya Anusit, amma Kwaɗo muke kiransa, don kada iskoki su ji suna mai daɗi su yi sha'awa. Ni dai na sa wa raina cewa duk da haka akwai mai sha'awarsa, kuma sai na gano ko wane ne.

Sunana Sitat. A aji biyu na sakandare na bar makaranta. Ba korata aka yi ba, benci ne kawai ba na iya zama a kansa. Na yi leburanci a babban birni, na haye kogi na yi wankin mota a Tailan, na yi gadin wata ma'ajiya wata uku har barci ya kore ni. Abu ɗaya birni ya koya mini: duk wanda ya yi maka murmushi, ka taɓa aljihunka. Daga ƙarshe na dawo ƙauyenmu da wani tsohon injin casar shinkafa, na auri Wandi, na tare a gidan uwarta kamar kowane ango.

Kafin injina, turmin ƙafa mata suke takawa tun gari bai waye ba, shinkafar ta fito ja-ja da ɗan tsaki a ciki. Tawa kuwa fara tas take fitowa. Ba na karɓar kuɗi, ko kip ɗaya, dusar ce ladana, haka ake yi a ko'ina. Kuma tun da wuri na gane cewa in na ƙara matse ƙarfen injin, shinkafa ta fi haske, dusa ta fi yawa. Mata suna murna, ni ina murna, aladuna bakwai sun fi kowa murna. Shekara uku ke nan muna haka.

Da Wandi ta haihu, ta yi kwanciyar wuta kwana ashirin da ɗaya a kan gadon gora, garwashi a ƙarƙashinta, tana shan ruwan saiwoyi mai zafi. Ta tashi daga wuta, amma ba ta tashi daga doka ba. Surukata Inna Peng ce mai dokar. A wurinta mai jego sai ta yi wata biyar ba naman alade, ba ƙwai, ba wake, ba gyaɗa, ba ganyen da ba ta yarda da shi ba, kuma kusan duk ganye ba ta yarda da shi ba. Shinkafa mai danƙo, gishiri, gasasshiyar citta, shi ke nan. Ba mugunta ba ce. Ƙanwarta ta ci naman ɓauna a cikin jego ta mutu da jini, Inna Peng tana riƙe da kanta, kuma tun daga ranar ta rantse ba za a yi biyu ba. Idan Wandi ta ce tana jin kamar tururuwa na yawo a tafin ƙafarta, ko ta ce ƙafafun sun yi mata nauyi kamar an ɗaura duwatsu, sai uwarta ta ce wuta ce take fita, alamar lafiya ce.

Zargin ƙauye gaba ɗaya a kan mutum ɗaya ya faɗa, kuma ba ni na fara shi ba, ko da yake na ɗauke shi da hannu biyu. Gwaggo Lun tsohuwa ce da mijinta ya mutu, gidanta na can ƙarshen ƙauye gindin gora. Ba haifaffiyar nan ba ce, aure ya kawo ta daga kan tudu shekaru da yawa. Ta kusa saba'in, amma itacen da take ɗorawa a baya ni ma sai na yi nishi. Mutane suka fara tambaya: yaya 'yan mata masu jego suke jan ƙafa, tsohuwa kuwa tana hawa tudu kamar akuya? Ƙarfin wa take ci? Sannan aka tuna an gan ta a gidan Somdi kafin rasuwar, an gan ta a gidan gangare ma. Ba a fito fili an ce mayya ba, amma in ta doso rijiya sai mata su tuna sun bar tukunya a wuta.

Ni ina da nawa dalilin daban. Ita kaɗai ce a ƙauyen ba ta taɓa kawo ko kwano ɗaya wurin injina ba. Kullum safe sai na ji dum, dum na turminta, kamar da gayya. In ta wuce ta gaban rumfata sai ta tsaya.

“Ɗan birni, yau ma tsirara kake yi wa shinkafa?”

“Kawo taki in yi mata wanka, Gwaggo.”

“Tawa da zanenta take shiga tukunya.”

A da ina dariya. Da muryar Kwaɗo ta dushe sai na daina. Na koma ina kashe injin da rana tsaka, ina zama bayan buhunan dusa inda nake hangen gidanmu ba a hange ni. A rana ta biyu, Inna Peng ta tafi lambu, sai ga Gwaggo Lun da kwando. Ta duba hagu, ta duba dama, ta shige ƙarƙashin gidan, don gidajenmu a kan ginshiƙai suke. Ta ƙwanƙwasa daɓen gora da sanda sau biyu. Na ga hannu ya leƙo ta tsakanin gorar, hannun matata, da zaren jego a wuyansa.

Ban san lokacin da na isa ba. Na fizge ƙunshin da take miƙawa kafin ya kai sama. Ganyen ayaba ne, da ɗumi. Na buɗe: jar shinkafa, dakakkiyar gyaɗa, yanka biyu na naman alade, da ɗan guntun hanta. Da na ga hantar sai na ce shi ke nan, don ko yaro ya san abin da mayu suke so.

Na tambaye ta wannan na mene ne.

“Na ci ne, ɗan birni. Ko a can ba da baki ake ci ba?”

Na ce ta san dokar gidan nan. Ta ce ta sani, ita ma ta kwanta a wuta sau shida, kuma gishiri da shinkafa aka ba ta, amma a lokacin shinkafar shinkafa ce, ba audugar da nake fitarwa ba. Ta ce matata yunwa take ji da cikakken ciki, ko makaho ya ji tafiyarta ya sani. A raina na ce ga shi nan, sana'ata take so ta kashe, da hanya ta samu sai ta biyo ta kan ɗana. Sai na tambaye ta kai tsaye me ta je yi gidan Somdi bara.

Ta nuna ƙunshin da ke hannuna. “Irin wannan na kai wa matarsa. Ita ma ba ta ci ba.”

Ta ɗauki kwandonta ta tafi. Ni kuwa a kunnena wannan amsa laifi ne.

Na kai ƙunshin garke na ba ƙaramin alade, na zauna a kan shinge ina jiran ya faɗi. Ya cinye har ganyen, ya kwanta cikin taɓo, da yamma ya tashi yana neman ƙari. Wannan bai wanke ta ba a wurina. Na ce ai ba don alade aka haɗa shi ba.

Sannan na hau sama na tsare Wandi. Sau nawa? Ta ce sau uku. Ta ce ko loma ba ta taɓa kaiwa baki ba, takan buɗe ta shaƙi ƙamshin, ta tuna ƙanwar Inna, sai ta jefa wa kare ta bayan gida ta zauna tana kuka. Na ce to me ya sa take miƙa hannu? Ta ce don ta shaƙa ɗin. Ban yarda duka ba. Na kama yatsunta na sunsuna, ita kuwa ta bar ni, tana kallon bango. Har yau in na tuna sai in ji kunya.

A yammacin nan na je wurin mai gari na faɗa masa abin da na gani, har da hantar. Washegari aka kawo boka daga ƙauyen gaba. Ya kewaye gidan da farin zare, ya ɗaura wani a hannun Kwaɗo, ya rataye saƙaƙƙiyar gora da ƙaya a bakin tsani. Ya ce kwana uku kada uwa ko ɗa su tsallake zaren, balle su hau ruwa. A rana ta uku zai tara gari, ya sa wadda ta kama yaron ta faɗi sunanta da bakinta. Shi ma ban saki jiki da shi ba. Na lura ya fi daɗewa yana kallon garkena fiye da yadda ya kalli yaron, kuma da ya zo lissafa kayan aiki, kan alade ya fara ambata. Amma ni na jawo shi.

Safiya ta biyu Kwaɗo ya yi amai ya ƙi nono. Leɓɓansa suka yi duhu-duhu. Ƙirjinsa yana sama da ƙasa kamar na tsuntsun da aka kama a hannu, yana wani ɗan gurnani a ƙarshen kowane numfashi. Wandi ta ce tsummansa a bushe yake tun jiya. Tsofaffin mata suka cika ɗakin, kowace ta naɗe ƙafa, ana jiran gobe. Na zauna, na tashi, na sauka, na hau, har wata ta ce mini in ƙaiƙayi ne a gindina in je in wanke a kogi, ina tayar musu da hankali.

Kogin kuwa na tafi. Na tarar da Somdi yana kwashe ruwa daga kwalekwalensa. Tun rasuwar ɗiyarsa ba ya yawan magana. Ya tambaye ni launin leɓen yaron, na faɗa masa. Ya ci gaba da kwashe ruwan, bai ɗago ba.

“Ni na jira rana ta uku,” ya ce. “Akwai mai a injin kwalekwalen.”

Na koma da gudu. Inna Peng ta riga ta karanta fuskata, ta tsaya a kan tsani ta riƙe ginshiƙai biyu. Ta ce ina zan kai mata jika. Na ce asibitin gunduma. Ta ce ni da ban gama aji biyu ba ni zan fi boka sani? Ta ce in aka tsinka zaren nan, abin da ke kewaya gidan zai shigo, kuma a kan ruwa babu mai tsare yaron. Ta ce gidanta ne, ni baƙo ne a cikinsa, da buhun kayana na zo. Duk gaskiya ne. Kuma ni kaina rabin zuciyata na tare da ita, don ban san me zan tarar a asibitin ba, kuma ban taɓa yarda da masu farar riga ba.

Sai muka ji jan jiki a kan daɓe. Wandi ce, ƙafafunta sun ƙi ɗaukarta, tana tahowa da zaune, yaron a ƙirjinta. Ta zo har bayan uwarta.

“Inna, matsa.”

“'Yar nan, kin san abin da kike yi?”

“Ban sani ba. Matsa dai.”

Ba ta matsa ba, amma ta saki hannu ɗaya. Ta nan na zaro su. Na goya Wandi, Somdi da ya biyo ni ya karɓi yaron, muka tsallake zaren. Ba wanda ya biyo mu.

Awa biyu ne a ruwa in ana gangarawa. Ba zan iya ba da labarin tafiyar ba, don idona bai bar ƙirjin yaron ba.

A asibitin wata yarinya muka samu, ba ta girme ni ba, da silifas a ƙafa da kwanon taliya a gabanta. Aka ce ita ce Malama Dawon, ita ke aiki ranar. Na so in tambaya ko babu babba. Ta ture kwanon, ta buɗe tsumman, ta sa abin sauraro a ƙirjinsa, ta danna cikinsa ta gefen dama. Watansa nawa? Nono kaɗai yake sha? Yaushe muryar ta tafi? Sai ta juya ta matse sha-raɓar Wandi, Wandi ta yi ƙara. Ba ta ƙara tambayar komai ba, ta fasa wata 'yar kwalba ta zuƙe a sirinji.

Na riƙe mata hannu. Na ce ba ta ɗebi jini ba, ba ta yi hoto ba, ko minti biyar ba ta yi da ganinsa ba, me za ta zuba masa?

“Bitamin B1. Yaya, in ka sake ni yanzu, anjima sai mu yi gardamar a tsanake. In ba ka sake ni ba, anjima babu abin da za mu yi gardama a kai.”

Wandi ta kira sunana sau ɗaya. Na saki.

Ta yi masa allurar a hankali, ta sa masa bututun iska a hanci, ta yi wa uwar tata allurar, ta ce mu jira. Na tsaya a bakin ƙofa ina kallon agogon bango, ina kallonta, ina shirya abin da zan yi mata in abin ya ɓaci. Ita kuwa ta jawo kujera ta fara tambayar Wandi abin da take ci. Da ta ji amsar ba ta yi mamaki ba, ta ce a watan nan kaɗai wannan ne na huɗu, daga ƙauyuka daban-daban. Ta yi mana bayani kamar mai yi wa yara. Ta ce akwai wani abu ɗan kaɗan da zuciya da jijiyoyi ba sa iya aiki sai da shi, jiki kuma ba ya iya ajiye shi da yawa, sai an riƙa ci kullum. Yana cikin wake, da gyaɗa, da naman alade, yana kuma cikin siririyar fatar nan da ke jikin ƙwayar shinkafa. In uwa ba ta samu ba, nononta ba ya ɗauke da shi. Ita babba ce, sai ta yi ta jan ƙafa wata da watanni. Jariri kuwa zuciyarsa ce take gajiya, tana kumbura, daga nan murya ta tafi.

Sai ta tambaya ko a ƙauyenmu daka ake yi ko inji. Wandi ta dube ni.

Na ce inji, kuma nawa ne.

“Dusar fa, ina take zuwa?”

“Aladuna.”

“Yaya suke?”

“Kamar hakimai.”

“To ka ga inda rabon ɗanka ya tafi.”

Ba da faɗa ta faɗe shi ba, har ta ƙara da cewa ba injin kaɗai ba ne, mai cin farar shinkafa da miya da nama ba abin da zai same shi, haɗuwar injin da dokar jego ce take kisa. Amma ni maganar ta yi mini kama da wata da na ji a ƙarƙashin gidanmu, kama ta yi yawa. Na tambaye ta ko ta san wata tsohuwa mai suna Lun, ko wani daga ƙauyenmu ya riga mu zuwa. Ta ce ita ko sunan ƙauyenmu sai da ta sa aka maimaita mata.

Da rana ta karkata, Wandi ta miƙo mini shi don ta gyara zama. Ina riƙe da shi sai na ji ɗumi yana bin cinyata. Fitsari ne, mai yawa, har ƙasa. Malama Dawon ta leƙo ta ce wannan shi take jira. Na duba leɓɓan, duhun ya ja baya. Gurnanin ya tsaya. Kafin faɗuwar rana ya kama nono yana ja har da zufa a goshi. Muryar dai ba ta dawo ba, ta ce wannan sai a hankali, wani lokaci makonni.

Kwana uku muka yi. Ranar sallama ta ba Wandi ƙwayoyi na wata guda, ɗaya kullum. Ta ce allurar kamar kwashe ruwa ce daga kwalekwale, ɓular tana nan. In uwar ta koma gishiri da farar shinkafa, ciwon zai dawo, kuma ba kullum ake isowa da rai ba. Ni kuma ta ce in sassauta ƙarfen injina, aladu ba za su kai ƙara ba.

Da muka dawo, ƙofar Gwaggo Lun a ɗaure take da igiya. A rana ta uku boka ya tara gari kamar yadda ya ce, amma ba ta jira an zo ba. Tun ranar da muka tafi ta ɗaure kayanta, wani jikan mijinta ya kai ta ƙauyen ɗiyarta can sama da kogi. Turmin ta bari, don ba ya ɗaukuwa. Kowa a ƙauyen yana da lissafi ɗaya: da rana ta karkata ta shiga kwalekwale, da rana ta karkata yaro ya farfaɗo. Na yi musu bayanin allurar, suka ce ai allura ba ta kama jikin da mayya ke riƙe da shi, sai da ta saki. Ba zan ɓoye ba, ni ma na zauna na ƙirga awoyin, kuma sun yi kusa da juna fiye da yadda na so. Amma ni ne na kai ƙararta wurin mai gari, kuma ni ne na ga abin da ya fito daga 'yar kwalbar nan. Na aika mata saƙo ta bakin Somdi cewa yaro ya tashi. Amsar da ya kawo ita ce a gaya wa ɗan birni kada ya bar mata turmi ruwan sama ya dake shi.

Inna Peng ta karɓi jikanta ta yi kuka, ta ɗaura masa sabon zare, ba ta yi mana maganar tsani ba. Da yamma ta kawo wa Wandi shinkafa da gishiri da citta. Kwana biyu bayan haka ƙunshin ƙwayoyin ya ɓace daga ƙarƙashin matashi. Na birkice ɗakin. Inna Peng ta ce wataƙila ɓera ne, ɓerayen bana ba abin da suke bari. Ta ce ko ma mene ne, maganin da ba a san tushensa ba yana tsinka nono. Na kalle ta, ta kalle ni. A gidanta nake.

Na ce wa Wandi gobe zan koma gunduma in karɓo wasu, in riƙa ajiye su a aljihuna. Ta ce to, amma bayan wata guda fa? Dokar saura wata biyu da rabi.

A ranar na yanka ƙaramin aladen, wanda ya ci ƙunshin. Aka yi farfesu, aka soya gyaɗa, aka kawo faifan abinci tsakar ɗaki. Ni da Inna Peng da ƙanen Wandi muka kewaye shi, ita kuma an ajiye mata nata kwandon shinkafa can gefen murhu, inda mai jego take ci ita kaɗai. Muna cikin ci sai ta dafa bango ta miƙe. Ƙafafun sun fara dawowa amma ba su gama ba, sai da ta yi taku shida kafin ta iso. Ta zauna a tsakanina da uwarta, ta dunƙula shinkafa, ta miƙa hannu cikin kwanon naman.

Inna Peng ta kama wuyan hannunta. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce ita ta wanke gawar ƙanwarta, ta san yadda jinin jego yake in ya ɓalle, kuma ɗiya ɗaya gare ta mace. Ta ce jika ana samun wani.

“Ke kika haife ni, Inna, shi ya sa kike tsoro,” Wandi ta ce. “Ni ma ni na haife shi.”

Hannun ya daɗe a riƙe. Ƙanen ya daina tauna. Daga baya yatsun tsohuwar suka saki ɗaya bayan ɗaya, ta tashi ta fita baranda ba ta gama cin nata ba. Wandi ta kai naman baki. Ta tauna a hankali, idonta a rufe, ta ɗauki na biyu, ta ɗebi gyaɗa.

Kwana bakwai Inna Peng ba ta je lambu ba. Tana zaune tana kallon ɗiyarta, tana duba tabarmar da ta tashi a kai, tana taɓa goshinta da sunan gyara mata gashi. Ni ma ina kallo, ba zan yi ƙarya ba, don malamar nan yarinya ce, ƙanwar Inna kuwa da gaske ta mutu. Wandi ta ci wake, ta ci ƙwai, ta sauka tsani da ƙafarta ta yi wanki. A rana ta takwas ƙunshin ƙwayoyin ya bayyana a kan akwatin kaya, ba ko alamar haƙorin ɓera a jikinsa. Ba wanda ya tambaya.

Na sassauta ƙarfen injin. Mata suka ce shinkafata ta koma dauɗa, uku daga cikinsu suka fara kai tasu ƙauyen gaba, dusa ta ragu, na sayar da alade biyu. Matar Somdi, da ciki ya fara fitowa, ita ta ce in bar mata tata ja-ja, kuma kada in gaya wa uwarta dalili.

Sati na biyar da dawowarmu, da hantsi, ina cikin rumfa injin yana ruri, sai na ji wani abu yana ratsa ƙarar. Na ɗauka bel ɗin injin ne ya fara gogawa. Na kashe injin don in duba, ƙarar kuwa ba ta tsaya ba. Daga sama take zuwa, daga gidanmu, kaifi gare ta kamar ana tsaga gora. Na tsaya da sifana a hannu. Wandi ta leƙo ta taga, hannunta duk kumfa, ta ce in zo in ɗauke shi mana, ba na ji ne?

Na ce ina ji. Na ce ta bar shi ya ƙara kaɗan.